Shinkafar Bayan Igiya

Baba: Salamu alaikum. Auta? Kina ji na?

Auta: Wa alaikumus salam. Baba, ina wuni?

Baba: Lafiya lau. Ya karatu?

Auta: Da godiya. Ya ƙafar Inna?

Baba: Da sauƙi. Ya zafi? Ya... ya karatu?

Auta: Ai ka tambaya, Baba. Ya shinkafata?

Baba: Na'am? Kai, layin nan...

Auta: Layi ƙalau yake. Jibi fa malaminmu zai zo gonar ya auna. Wadda na zuba wa ruwan bakteriya mai aikin taki ta tashi?

Baba: Ta tashi! Kore shar. Na tuge ɗaya na duba, saiwa kamar gemuna.

Auta: Alhamdulillahi! Ta bayan igiya fa, wadda na ce kar a sa mata komai?

Baba: Ita ma... ta tashi.

Auta: Ban gane ba.

Baba: Auta, kullum da safe sai in tarar da ita rawaya kamar marainiya, 'yar'uwarta na ƙoshi a gabanta. Ga ragowar ruwan bakteriyar a jarkarki a ɗaki...

Auta: Innalillahi! Baba, ka zuba?

Baba: Kaɗan na yi niyya. Hannu ya zarce.

Auta: Baba, bambancin nan fa shi ne digirina! In duk sun yi kore, me zan nuna? Sai dai in jira baɗi!

Baba: Na sani. Wallahi kunyarki nake ji, ko abinci ba ya shiga. Innarki ce ta ce in ban kira ba ita za ta kira.

Auta: Haba Baba, har igiya na ɗaura!

Baba: To in datse mata ruwa, ko za ta koma rawaya kafin jibi?

Auta: A'a! Ƙarya kenan. Kar ka taɓa ta.

Baba: Ki yafe ni. Gaskiya ba tausayi kaɗai ba ne. Rumbu na leƙa, na ga ƙasa. Rabin gonar nan na bayan igiya shi ne cimar gidan.

Auta: Amma da na roƙe ka aron gonar ai cewa ka yi ba komai, akwai ajiya!

Baba: Kina murna, kina ta auna ƙasa da igiya. Da wane baki zan ce miki babu?

Auta: Wayyo, Baba. Ni ko sake tambaya ban yi ba. Ni ce zan ba ka haƙu... Baba? Halo? Baba!