Idi, Ba Kai Nike Kora Ba

Assalamu alaikum Malama mai gabatar da shiri, ina gaisuwa.

Ni ne na bar kwalej a aji ukku, na gina rijiyar albasa da hannuna. Yau ina da kamyo, babbar motar kaya mai zuwa Abijan, da gidan siminti a Sabon Gida. Ba wanda ya kama mini.

Amma tun bara wasu baƙaƙen zare ke yawo cikin idona. Na ɗauka ƙudaje ne, ina ta korar su. Ran nan aminina Malam Idi yana cikin magana, na kaɗa hannu a gaban fuskata. Ya miƙe ya ce, "To Alhaji, mun tashi. Daman an ce ka yi girma." Ni kuwa ban saba bin mutum da bayani ba. Tun ranar, tabarmar ƙofar gidana ba mai zama.

Likita ya duba ya ce idon lahiya lau, damuwa ce ke sa ina bin zaren da kallo. Ya tambaye ni wa nike hira da shi. Malama, na rasa sunan da zan ba shi.

Wanda ya san abin ga, ya ba ni shawara. Kuma ki karanta sunana duka, kar ki taƙaita: Alhaji Illa Mai Albasa. Na san Idi yana jin shirin ga. Idi, ba kai nike kora ba. Tabarma tana nan bayan la'asar.