Abin da Makirufon Ya Ji

A shagon kayan sauti, wata dattijuwa ta nuna wa mai shago hoto a wayarta.

"Ɗana, da wannan makirufon autana yake ɗaukar jita da waƙarsa a ɗaki. Sati biyu ke nan ya daina, ina ga lalacewa ya yi. Samo min wani mai sauƙin kuɗi."

"Mama, irin wannan ai ba ya saurin lalacewa. Aibinsa ɗaya, kunne gare shi. Ko a falo aka yi raɗa sai ya ɗauka."

"A falo?"

"Har tari."

Ta dafe ƙirji. "Innalillahi! A falon nake waya da likita. Ni da na ce kada yaran su san ciwon nan nawa!"

Mai shago ya jawo mata kujera.

"Ashe shi ya sa autan ya hana ni ko ɗaga bokiti," ta ce.