Yadda Na Kwaso Aikin Legas Na Dawo Da Shi Mahuta

Kuɗin motar da ya kai ni Legas kwasar adashin kakarku ce. Ta ƙulle shi a bakin zani ta raka ni har tasha, ba ta kwance ba sai da ta ga na zauna a kujera. Babanku Sale, ɗan'uwana, wannan da yake muku faɗa yanzu da ƙaton tumbinsa, shi ya ɗauko mini jaka, yana share ido wai hayaƙin mota ne. Lokacin muna unguwar Nasarawa a Kaduna, ba mu dawo nan Mahuta ba. Na gama difloma, na zaga ofisoshin Kaduna da takardu har masu gadi suka fara gaishe ni da suna, aiki bai samu ba. Ke Hafsatu, ajiye wayar nan, ai labarin waya zan ba ku.

Ɗakin da na kama a Legas na wata tsohuwa ce Bayarabiya, kowa na ce mata Mama Landiledi, wato mai gidan haya da Turanci. Ni da na ji "ledi" sai na zaci Ladi ce, har na yi murna na faɗo hannun 'yar gida. Ranar farko ta ce in kawo kuɗin kwashan.

Na ce, "Mama, me za a kwashe?"

Ta ce kuɗin gargaɗi ne, ko da zan fasa mata wani abu.

Na ce, "Ɗakin da ko sakata babu, me zan fasa?"

Ta ce, "To kawo kuɗin sakata ma."

Daga ranar na koyi rufe bakina a gabanta. Amma mutuniyar kirki ce, duk ranar da ta yi alale sai ta aiko mini.

Aikin da na samu a wani kamfani ne mai fitar da busasshiyar citta zuwa ƙasashen waje. Sun ɗauke ni ne saboda ina jin Hausa da Turanci, cittar kuwa daga ƙasarmu take zuwa. Akwai Bitrus, mutumin Kaciya, shi ke bin ƙauyuka yana saye. Akwai Malam Iliya, dattijo mai riƙe da sito a Gonin Gora, nan kusa da ku. Sai direbobi a kan hanya, sai mu a ofis, sai masu saye can Turai. Aikina in haɗa kan waɗannan mutane da ba su taɓa zama ɗaki ɗaya ba.

Mai kamfanin kuwa, Oga muke ce masa, ba abin da yake so a duniya kamar mitin na bidiyo. Da safe mitin, da rana mitin, in an tashi kuma sai a sa wani don a tattauna abin da aka faɗa a na farko. Kuma komai a wurinsa "asaf" ne, wato maza-maza. Wata rana Malam Iliya ya kira ni a gefe ya ce, "Asabe, wai wane ne wannan Asaf ɗin da kowa ke tsoro? Ni fa ban taɓa ganinsa a bidiyon ba."

Ku kwatanta yadda mitin ɗin ke tafiya. Bitrus yana ƙauye, sai ya hau tudu kafin ya samu sabis. Fuskarsa ta daskare a allo, baki a buɗe. Malam Iliya ya tafi salla. Direba yana tuƙi. Mu kuma muna ta "kana ji na, kana ji na," har lokaci ya ƙare. Abin da aka yanke kuwa yana cikin iska, wanda ya ji ya ji.

Haka aka yi har ranar da muka kwashi asara. Masu sayen sun ce cittar da aka tara ba ta gama bushewa ba, a ƙara mata rana. Oga ya faɗa a mitin, a daidai lokacin da sabis ya yanke wa Malam Iliya. Bawan Allah bai ji ba, ya loda mota guda. Kafin ta iso Legas kayan sun yi fumfuna. Oga ya ce zai kore shi.

Na shiga ofishinsa na ce, "Oga, Malam Iliya bai ji ba."

"Na faɗa a mitin."

"Ka faɗa, amma a ina aka ajiye maganar?"

"Ajiye magana kuma? Buhu ce?"

Na ce, "Buhu ma muna da sito dominsa. Magana ce kawai ba mu yi wa sito ba."

Sai ya ce in je in kawo abin da nake nufi, asaf.

Akwai wata manhajar tsara aiki da kamfanin ya daɗe yana biya, ba mai buɗe ta. Ita na share wa ƙura. Abin kamar allo ne da aka tsaga gida-gida. Na sa wa gidajen suna da Hausa da Turanci: saye, shanya, sito, kan hanya, bakin ruwa, wato tashar jirgin ruwa. Kowace mota na yi mata kati nata. Duk wanda kaya suka zo hannunsa zai shiga katin ya faɗi abin da ya yi, da abin da ya rage, da wanda ake jira, sannan ya tura katin gida na gaba. Wanda rubutu ke ba shi wuya ya yi saƙon murya, ni zan rubuta fassarar a ƙasa. Hoto kuwa dole ne. Na ce ba a so kowa ya amsa nan take, amma kada rana ta faɗi mutum bai leƙa katunansa ba. Kiran waya kuma a bar shi sai in gobara ce ko hatsari. Abin da ba ya cikin kati, a ɗauka ba a faɗe shi ba, ko da Oga ne ya faɗa.

Wannan ta ƙarshen ce ta yi masa zafi. Ya ce, "Ni da kamfanina?" Na ce, "Kai ma ai kana da yatsu."

Bitrus ne ya fara karɓa hannu bibbiyu, don yanzu sai ya gama cinikinsa a nitse, in ya fito inda ke da sabis ya tura komai a tare. Malam Iliya kuwa mun sha fama. Saƙon muryarsa na farko sai da ya gaida ni, ya gaida Oga da iyali, ya tambayi gajiya da sanyi da kasuwa, ya yi wa ƙasa addu'a, can a wutsiya ya ce buhuna sun iso. Na ce, "Malam, a fara da buhunan." Ya ce, "Haba Asabe, in faɗo wa mutane ba sallama kamar ɓarawo?" Na ga gaskiyarsa. Sai na buɗe wani kati daban na sa masa suna Zaure, na ce duk gaisuwa da sanarwar suna da ta'aziyya a kai su can. Kun san wa ya fi kowa zama a Zauren nan daga baya? Ma'aikatan ofishin Legas. A nan suka koyi "ina gajiya."

Abu ya fara tafiya, mitin ya koma sau ɗaya a mako. Ana cikin haka babanku ya kira ni da hantsi ya ce Inna, kakarku, ta faɗi a tsakar gida, ɓarin jikinta ya shanye, suna asibiti. Lokacin kuwa muna da kwantena mafi girma a shekarar, jirgin ruwa na jira, motar ƙarshe ba ta ma bar Gonin Gora ba.

Na ce wa Oga zan tafi gida.

Ya ce, "A wannan makon? In kin tafi wa zai riƙe mini mutanen nan?"

"Allon zai riƙe su. Ni ma ina ciki, daga Kaduna."

"Aiki daga gida hutu ne da albashi. In kin fita, ki ɗauka kin fita."

Na ce, "Ka bari kwantenar nan ta shiga jirgi tukuna. In ta makara saboda ba na nan, ba sai ka kore ni ba, ni zan kawo maka takardar barin aiki."

Ban jira amsarsa ba. Ba taurin kai ba ne, na san abin da na gina.

Na tarar da kakarku bakinta ya karkace, ba ta iya magana. Likitoci na shiga suna fita, a aike ni magani, a aike ni gwaji. Wayata na kashe ta na jefa a jaka. Sai bayan la'asar, da ta samu barci, na fita ƙarƙashin wata bishiyar darbejiya na kunna. Na ga kiran Oga jere rututu. Na ce lallai wani abu ya ɓaci. Amma maimakon in kira shi, sai na buɗe katin motar.

Ashe motar ta lalace bayan Lokoja tun da safe. Direba ya sa hoton injin, ya ce gyara zai ci kwanaki. Wakilinmu na bakin ruwa ya rubuta a ƙasa ranar da za a rufe karɓar kaya. Malam Iliya, da ya fito sallar azahar, ya yi saƙo ba ko sallama, ya ce akwai motar wani amininsa da ta sauke kaya a Abuja, ba komai a cikinta, ga lambar direban. Bitrus ya ce ya san masu lodi a wajen, ya riga ya yi musu magana. Abin da ya rage kawai wani ya haɗa maganar ya kai wa mai sa hannu. Na rubuta layi biyu da Turanci, na tura katin ga Oga. Kafin in koma ɗaki ya amince. Ashe da ya gaji da kirana ne ya buɗe allon da kansa, ya tarar rabin aikin an gama ba tare da kowa ya ce "kana ji na" ba.

Kayan sun shiga jirgi da sauran lokaci. Oga bai kira ni ba. A Zaure ya shiga, ya rubuta da Hausarsa ta koyo: "Asabe, yaya jiki Inna." Malam Iliya ya gyara masa, ya ce "jikin" ake cewa. Daga baya ya aiko cewa in zauna a Kaduna, ai na fi kusa da sito, in riƙa zuwa Legas in ta kama. Sau ɗaya na koma kwaso kayana. Mama Landiledi ta rungume ni ta yi kuka, ta kuma riƙe kuɗin kwashan, wai na kankare mata fenti.

Kakarku ta yi watanni kafin harshenta ya saki. Duk lokacin nan tana kwance tana kallona a gefen gadonta da kwamfuta a cinya, kullum ina gida. Ashe abin na cin ta. Ranar da magana ta fara fita sosai, ta kamo hannuna ta ce, "Asabe, faɗa mini gaskiya. Saboda ni suka kore ki?"

Na ce, "Inna, yanzu haka a wurin aiki nake. Ga mota can ta wuce Abuja, ni na sallame ta."

Ta leƙa allon, ta daɗe tana kallo, sannan ta dube ni. Ta ce, "To in motar ta isa, ki tashi ki dama mini kunu."