Rigunan da za a rage

A shagon wani tela da ke Rye Lane a ƙasar Ingila, Badariyya na zaune da jaririnta a cinya, sai wata dattijuwa ta leƙa ledar kayanta.

"Ke 'yar nan, buɗa miki rigunan za a yi?"

"Ragewa dai, Hajiya." Ta daɗe tana jiran mai yi mata wannan tambayar.

"Ragewa? Da goyo? Ba a ba ki kunun kanwa ba ne?"

"Na sha har na gode Allah! Wata biyar ko benen flat ɗinmu ba na iya hawa sai na huta. Maƙwabciyata Meenakshi, 'yar Indiya, ita ma haihuwar fari ce, surukarta ta yi ta ɗura mata man shanu har ta yi ƙiba kamar ni. Sai muka haɗa kai. Kullum da safe mu tura kekunan yara mu zaga park sau uku, ko ana ruwa."

"Kuka daina cin abinci?"

"Ina! Muna shayarwa fa. Kilo tara na sauke, Hajiya! Jiya da gudu na kamo bas."

Dattijuwar ta ja mayafi ta rufe cikinta.

"Ni ɗan farina shekararsa talatin, har yau cewa nake ƙibar jego ce. Ƙarfe nawa kuke fita?"