Na Je Rano Neman Linki

Assalamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki. Ni malamin Arabiyya ne a wata firamare a Durba, na fi shekara ashirin ina riƙe da alli.

Ran Talata hedimasta ya ce mini, "Malam, gobe akwai bitar malamai ƙarfe goma, ta linki za a shiga. Kada ka makara." Na ɗauka Linki wani ɗakin taro ne, don a Rano aka saba yi mana bita. Da sassafe na hau babur har Rano. Na tambayi 'yan acaɓa, na tambayi mai shayi, babu wanda ya san wurin.

Da na dawo bayan azahar, sai na tarar da abokan aikina a gindin darbejiya, kowa da babbar wayarsa. Wai a cikin wayar suka yi bitar, har an tashi. Ni kuwa tawa mai tocila ce.

Yanzu an rubuta ban halarta ba, kuma wanda bai halarta ba babu shi a ƙarin girma. Na roƙi takarda in rubuta uzurina, hedimasta ya ce shi ma uzurin ta linki ake turawa.

Jama'a, ku ba ni shawara, kaina ya ɗaure. Duk cikinmu ni kaɗai na yi tafiya saboda bitar nan. To yaya aka yi ni kaɗai ne ban je ba?