Shinkafar da Ta Hana Su Hawa

A tashar motar Andijan, wani dattijo sanye da rigar ƙungiyar ƙwallon garinsu yana jiran mota ta cika. Saurayin da ke gefensa ya dube shi.

"Baba, duk wannan zafin za ka sha don wasan rukuni na biyu?"

"Kai, iya bakinka! Tun da aka kafa gasar nan bayan samun 'yanci muke cikinta. Waɗanda suka hau rukuni na ɗaya, nawa suka rushe? Mu muna nan daram."

"Amma ba ku taɓa hawa ba."

"Wa ya taɓa cin mu a gida cikin sauƙi? Baƙi na sauka mu girke musu osh, shinkafa tana iyo cikin kitsen rago. Wa zai ƙi abincin mai masauki? Sai su shiga fili kamar masu juna biyu."

Sai saurayin ya ce:

"Mahaifina ya buga wa ƙungiyar da za ku kara da ita yau. Har ya rasu yana cewa faranti biyu ne suka hana su hawa."

"Wani dogo, mai ƙafar hagu?"

"Shi ne."

"Allah ya jiƙansa. Uku ya ci, ɗana. Ni na zuba masa."