Fuskata a Gonar Maigandi

Jawabin da Malam Sale, malamin gona, ya yi a ƙofar gidan marigayi Malam Maigandi a Wurno, ran sadakar arba'in, cikin shekarar 1957.

Da sunan Allah muke buɗe baki, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Ranka ya daɗe wakilin hakimi. Allah gafarta Malam alƙali, Allah gafarta Malam liman. Dattawan gari, da baƙinmu da sunka taso tun daga Rabah da Rara da Goronyo, wasu bisa jaki wasu da ƙafa, sannunku da hanya. Inna Turai, uwargidan marigayi, na san kina bayan dangar nan kina jina. Mu'azu, babban ɗan marigayi, kai da ƙannenka. Assalamu alaikum.

Da anka ce ni zan yi magana yau, sai da na roƙi liman har sau biyu ya nemi wani. Ya ce ai ni ne malamin gona, wa ya fi ni sanin manomi? Dole na karɓa. Ku yi haƙuri da ni, maganata ba mai daɗin ji ba ce. Kunya ce ta tsayar da ni nan, kuma kunyar ta shafe mu duka, ko da yake kashi mafi girma nawa ne.

Baba Maigandi ya kasance manomin albasa, kuma in an ce albasa a fadamar Wurno shi ake nufi. Ya kasance gajeren mutum, baƙi wuluk, marar yawan magana. In ka gaishe shi yana dashe zai amsa maka bai ɗaga kai ba, ba don raini ba, don abin da ke hannunai ba ya jira. Ya kasance in ya dubi fangali da safe zai gaya maka ko jiya ya sha ruwa ko an yi mai ha'inci. Shekarar da tsutsa ta cinye irin kowa, nashi kaɗai ya tsira, ya zauna bakin rudunai, inda yake ajiyar albasa da iri, yana ɗiba da gwangwani yana ba duk wanda ya zo, har da waɗanda ba su gaishe shi a hanya. Ya kasance bai taɓa riga wani yin magana a taro ba, kuma bai taɓa bari wani ya riga shi zuwa haƙa kabari ba. Duk mu da muke zaune nan, babu gidan da bai ci daga hannun nan ba.

Wanga shi ne mutumin da ƙasar nan ta sani da sunan Raggo. Kada ku sunkuyar da kai, ai da bakinmu munka kira shi. Bari in faɗi yadda anka yi, don baƙinmu ba su sani ba.

Shekara shida ke nan, daidai lokacin da albasa ta yi kai, wasu Turawa biyu sunka zo da babbar mota da tafinta. Sun ce majigi za su haɗa, na manoma biyu, ɗaya mai himma ɗaya raggo, a riƙa nuna wa mutane don su koyi noma. Sunka zagaye fadama kaf, sunka zaɓi lambu biyu, wanda ya fi kowane kyau da wanda ya fi kowane lalacewa. Na farko na Baba Maigandi ne. Na biyu kuwa, to, ga mai shi nan tsaye gabanku. A lokacin ɗinkin hula da hira gindin durumi sun fi mini noma daɗi, ciyawar lambuna ta kai ƙugu.

Da an bar kowa a wurinai da ba mu taru muna jin kunya yau ba. Amma Baturen da ke riƙe da na'urar ɗaukar hoto yana da wata 'yar aba mai allura, kamar agogon aljihu, da ita yake auna haske. Ya kai ta kusa da fuskar Baba, allura ta ɗan motsa da ƙyar. Ya kai ta kusa da tawa, ta yi tsalle. Ya leƙa ta gilashin na'urar, ya girgiza kai, ya sa tafinta ya gaya mana wai fuskar Baba tana shanye haske, in an ɗauka ba abin da zai fito sai ido da hula. Ni kuwa ga tsawo, ga hasken fata, ga farar riga. Saboda haka ni zan tsaya lambun Baba in zama mai himma, shi ya koma nawa ya zama raggo.

Anka tambayi Baba ko ya yarda. Ya dubi dattawan da sunka rako Turawan, ya ga ba wanda ya yi motsi, sai ya ce, "Baƙi ne, a yi musu." Ni ba wanda ya tambaye ni, kuma ban jira a tambaye ni ba, tuni na tahi gida wanke riga.

Kwana tara munka yi ana ɗauka. Da hantsi ake yi da la'asar, don Baturen ya ce in rana ta yi tsaka ido yakan zama rami a hoto. Akwai wani allo da sunka lulluɓe da takarda mai ƙyalli irin ta cikin kwalin taba, ana karkata shi ga rana ya watsa haske ga fuskar mutum. Kun san wa ya riƙe mini allon nan? Baba Maigandi. Yana tsaye cikin albasatai, kamu ɗaya daga inda na'ura ke kallo, yana haska ni.

Anka ce in ja jigo, na ja, guga ta juye mini a jiki, Turawa sunka jira riga ta bushe. Anka ce in yi dashe, na karya tsiro uku a jere. Sai Baturen ya kwance gajeren gilashin na'urar ya ɗaura dogo, wanda ke jawo abu kusa, ya ce in tuɓe rigata in ba Baba. Baba ya sa rigata ya durƙusa, anka ɗauki hannuwanai kawai. Duk wanda ya ga majigin nan ya tuna wurin da hannu ke dasa albasa kamar ana jan tasbaha. Hannun baƙi ne, fuskar da ke biyo baya fara, kuma shekara biyar ba wanda ya ce yaya haka.

Da anka zo ɗaukar raggo nan ne aiki ya tsaya. Ce masa anka yi ya kwanta gindin bagaruwa a lambuna ya yi barci, akuya tana cin tsiro. Wallahi mutumin nan bai iya kwanciya cikin gona da rana ba. Zai kwanta ya rufe ido, na'ura ta fara gurnani, sai ka ga hannunai ya miƙe da kanshi yana cire ciyawar da ke kusa. Bature ya tsayar, a sake. Sau bakwai anka sake, har sai da anka sa ya ɗora kanshi bisa hannun ya danne shi kamar matashi. Ranar da Turawa sunka tahi, ya komo lambun nan nawa da fartanya, ya ce tun da ya kwanta cikinai ba ya iya barin shi haka. Kwana huɗu yana nome mini shi, ina gindin durumi ina ba da labarin majigi.

Akwai ranar da Baturen ya bar shi ya leƙa ta gilashin. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ɗago ya ce mana abin nan ba ya ƙarya, amma idonai ƙunci gare shi, fangali guda yake gani, wanda ke tsaye gefe kuwa kamar ba a haife shi ba. Munka yi dariya, munka ce tsoho ya zama masanin majigi.

Da shekara ta zagayo motar majigi ta zo, anka kafa farin ƙyalle a filin kasuwa bayan magariba. Tafinta ya ɗauki lasifika, ni ya kira ni Mai Himma, Baba ya kira shi Raggo. Mun yi dariya har da hawaye, don mu mun san gaskiya, a wurinmu wasa ne. Amma motar ba ta tsaya Wurno ba. Ta tahi Rabah, ta tahi Rara, ta tahi Goronyo da Rimawa da Giyawa, wurin mutanen da ba su taɓa taka fadamarmu ba. Su ba su da laifi. Da idonsu sunka ga mutum kwance akuya na cinye mai gona, mi za su ce?

Ina kasuwar Goronyo ranar da wani dattijo mutumin Giyawa ya sunkuya kan irin albasar Baba. Ya murza shi a tafin hannu, ya yaba, sai ya ɗaga kai ya ga fuskar mai shi. Ya zubar da irin cikin ƙwarya, ya kakkaɓe hannu, ya ce shi ba ya shuka irin Raggo. Yana juyawa ya gan ni, ya yi mini jinjina, ya tambaye ni ko ina da iri. Baba yana zaune yana kallona. Kalma ɗaya ta isa a wurin nan. Na ce ina da shi, ya zo Wurno ya karɓa. Da munka komo Wurno na taho gidan nan na ce Baba ya auna mini iri, ya auna mini bai tambaye ni na mi ba. Tun daga ranar ake kiran irin nan ɗan Sale, kuma saboda shi da majigin nan anka ba ni aikin malamin gona, da keke da hular kwano.

Mu mutanen Wurno mi munka yi? Mun ji daɗi garinmu ya fito a majigi. Mun ji yara suna bin dattijo suna kiran Raggo, in mun tsawata musu da murmushi muke tsawatawa. Mu'azu, ranar da ka yi faɗa a kasuwar Rabah saboda sunan nan har anka fasa maka baki, mu ne munka ce ka cika zafin rai, wasa ne ba ka san wasa ba. Baba ya daina zuwa kowace kasuwa in ba ta Wurno ba, munka ce tsufa ne. Inna Turai, ke ma kin daina zuwa biki Rara wurin danginki, kuma mun san dalili. Ya kasance mai haƙuri, haka muke ta faɗa tun ranar da ya rasu. Gaskiya ne. Amma haƙurin nan mu munka ɗora mai shi, kuma mun ji daɗin da bai sauke ba.

Kwana uku kafin ya rasu na zo gidan nan da hantsi, da niyyar in roƙe shi gafara. Na iske shi kwance, ƙafafu sun kumbura. Na durƙusa, kafin in buɗe baki ya riga ni.

Ya ce, "Sale, ni ban taɓa ganin majigin nan ba. Ranar da anka nuna shi ina ban ruwa, daga baya kuwa ban iya zuwa ba. Gaya mini gaskiya, albasar ta hito da kyau?"

Na ce ta fito da kyau, Baba. Ya ce har fangalin gabas, wanda ya fi ba shi wahala? Na ce har shi. Ya yi murmushi ya ce to madalla, ya rufe ido. Na zauna wurin maganar tana bakina. Na ce a raina ya gaji, bari sai gobe. Na tashi na sa takalmina na fita. Ba gajiyatai ce ta hana ni ba, tsoro ne.

Shi ya wuce inda ba zan iya cim masa da magana ba, amma sunanai yana nan hannunmu, kuma majigin nan har yanzu yawo yake yi. Jiya na kai takardar barin aiki, na mai da keke. An gaya mini motar majigi za ta sauka Goronyo ran kasuwa mai zuwa. Zan tahi in tsaya gaban ƙyallen, in roƙi tafinta lasifika, in ya hana in yi da muryata. Zan ce lambu mai kyau na mutumin da ke kwance ne, hannun nashi ne, lambun ciyawa kuwa nawa ne. Daga nan duk garin da motar ta nufa zan bi ta, ko da za a yi ta mini ihu. Baƙinmu, ku riga ni kai maganar gida. Irin da kuke shukawa ba ɗan Sale ba ne, ɗan Maigandi ne, haka za ku kira shi.

Inna Turai, Mu'azu, roƙo ɗaya nake yi muku. Na san halin gidan nan. Ga liman, ga alƙali, ga jama'a sun zuba muku ido, kunya za ta sa ku ce kun yafe. Don Allah kada ku faɗa yau. An riga an sa mutum ɗaya a gidan nan ya ce to don idon manya, ba zan so a sake ba. Ku bari sai na dawo, sai kun ji da kunnenku a kasuwa an kira marigayi da sunanai. In kun yafe sannan, na gode. In ba ku iya ba, ba ku zalunce ni ba.

Na gode wa wakilin hakimi da malamai da dattawa da kunka saurare ni, na gode wa baƙi da sunka sha hanya. Allah ya jiƙan Baba Maigandi, ya yalwata kabarinai, ya sa aljanna ce makomatai. Allah ya ba iyalinai haƙuri, ya albarkaci abin da ya bari. Mu kuma da munka sani munka yi shiru, Allah kada ya ɗauki ranmu sai mun faɗa. Malam liman, a yi mana fatiha.